Kogo a Cinyar Barewa

Zuwa ga maigidana, Baban Barewa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, ruwa bai wahalar da ku ba, kuma ciwon bayan nan naka ya lafa. Mu nan muna nan ƙalau. Inna tana sa maka albarka, Auta kuma ya ce in tuna maka da agogon da ka yi masa alkawari, wai ai ko a tsakiyar teku ba a rasa kanti.

Na san wasiƙar nan za ta jira ka a tasha har jirginku ya iso, shi ya sa zan rubuta komai dalla-dalla, kada ka karanta rabi ka cike sauran da tunani. Ka samu wuri ka zauna. Magana ce a kan Barewa.

Ka san 'yarka, tun da ta koyi tafiya ba ta ƙara yin tafiyar ba, gudu take yi. Makon jiya a filin makaranta ta yi tuntuɓe da ƙafar wata ta faɗi ta gefen dama. Ta tashi ta ƙarasa tseren, amma da ta dawo gida na ga tana ɗingishi tana ɓoyewa. Na shafa mata man zafi na ce zai wuce. Malamin wasanninsu ne ya matsa mini in kai ta a ɗauki hoton ƙashi, na kai ta ina mita, don ɗinkin kayan makaranta ya yi mini yawa a shago.

Ƙashi bai karye ba. Amma mai ɗaukar hoton ya daɗe yana kallon allonsa, sannan ya tura mu wajen likitar ƙashi, wata siririya mai gilashi wadda da a shago na gan ta sai in ce 'yar koyo ce. Ta juyo mini da kwamfutarta ta nuna saman ƙashin cinya, kusa da ƙugu. A tsakiyar farin ƙashin akwai wani wuri mai duhu, mai siffar ƙwai. Ta ce kogo ne cike da ruwa, yakan samu yara masu tasowa, ba ciwon daji ba ne, kuma ba faɗuwar ce ta kawo shi ba, ya daɗe a wurin. Haɗarinsa shi ne bangon ƙashin da ya kewaye shi ya yi siriri. In ta ci gaba da dukan ƙasa da ƙafar nan wata rana zai iya karyewa, kuma karaya a wurin takan taɓa girman ƙafa, ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Sai na ga ta fara awo kamar ni. Ta ja layi a tsawon kogon, ta ja a faɗinsa, ta gangara ƙasa ta auna kaurin ƙashin inda yake lafiya, ta auna bangon, ta yi ta raba wannan da wancan har ta fitar da lamba guda. Ta ce akwai iyaka. Yaron da lambarsa ta haura iyakar, ƙashinsa na cikin haɗari, kuma ta Barewa ta haura. Ta yi mini bayanin lissafin da kyau, ba zan ɗauki alhakinta ba, amma idona na kan duhun nan, kunnena kuwa bai riƙe komai ba sai kalmar karyewa.

Za su sa ta barci su soka allura su zuƙe ruwan, su zuba magani a ciki don ƙashi ya cike wurin. Bayan nan babu gudu babu tsalle sai an sake hoto an sake awo.

Ga abin da ya fi damuna. Ka tuna makarantar kwana ta 'yan wasa da malaminsu ke ta magana a kai, wadda ke ɗaukar yaran da suka ci gwajin gudu ta koyar da su har su gama? Sau ɗaya ake gwajin a shekara, a ƙarshen zango, kuma bana ce damarta ta ƙarshe, baɗi ta wuce shekarun da suke ɗauka. Duk zaman da muka yi a ɗakin likita tambaya ɗaya Barewa ta yi, ko za ta warke kafin ranar. Likita ta ce in lambar ta sauko ƙasa da iyaka, ba abin da zai hana ta.

Ka yi mata addu'a. Kada ka ce za ka baro aiki, babu abin da za ka yi a nan da ba na yi.

Taka har kullum,
Maman Barewa

*

Baban Barewa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta abokan aikinka. Wasiƙarka ta iso, na karanta wa Inna inda ya dace ta ji, sauran na riƙe wa kaina. Ka ce ka kasa cin abinci da ka karanta tawa. To ka ci don Allah, mara lafiya ɗaya ya ishe ni.

An yi aikin lafiya. Ta farka tana tambaya ko an yanke mata ƙafa, da ta leƙa ta gan ta sai ta koma barcinta. Tabon allurar bai kai maɓalli ba. Zaman ne ya fi aikin wuya. Sun ba ta sandunan dogarawa, kafin mako ya zagayo ta gano yadda ake tsere da su a baranda, ita da Auta, shi yana dogara tsintsiya da sandar goge ƙasa. Na kama su na yi faɗan da sai da maƙwabta suka leƙo. Tun ranar, in an tashi makaranta shago nake wucewa da ita, in zaunar da ita kusa da kekena inda idona ke kanta.

Na ba ta sa maɓallai don ta rage zaman banza. Baban Barewa, 'yarka ba ta gado ni ba, maɓalli huɗu babu biyun da suka yi layi. Da yamma 'yan ƙungiyar gudunsu sukan wuce ta titin shagon, malamin na biye da su a kan keke yana busa usur. Tun kafin su ɓullo take jin su. Sai ta ajiye allura ta kafa wa ƙofa ido, ƙafarta mai lafiya na buga ƙasa daidai da nasu. Ba ta kuka, ka san ta. Ni ce nake sunkuyar da kai ina neman zaren da bai ɓata ba.

Jiya dai ta yi dariya. Wata mata ta kawo ɗinki ta rantse ƙugunta talatin da huɗu ne tun tana budurwa. Na ce to, na zagaya ta da tef, ya ce arba'in da ɗaya. Ta ce tef ɗin ne ya saki. Bayan ta fita Barewa ta yi ta kwaikwayonta har ta kusa faɗowa daga kujera. Na ce mata ta gani da idonta dalilin da ya sa ban taɓa yanka yadi da faɗar mutum ba, sai na sa tef da hannuna, kuma shi ya sa har yau ban taɓa biyan kowa yadinsa ba.

Malamin ya zo gaishe ta, ya ce ya sa sunanta cikin masu gwaji, da zarar likita ta sake ta zai dawo da ita fili a hankali.

Auta ya ce agogon mai haske a duhu yake so. Ka kula da bayanka.

Matarka,
Maman Barewa

*

Maigida,

Ina gaishe ka, ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Mu ma lafiya, sai dai raina ba a kwance yake ba, kuma babu wanda zan faɗa wa sai kai.

Mun koma asibiti an sake hoto. Wancan injin da ya ɗauki na farko ya lalace, sai aka tura mu sabon gini, muka dawo da hoton a babbar ambulan. Mutane sun cika ƙofar likita har kan matakala. Da muka shiga ta buɗe kwamfuta ta ja layukanta, ta yi lissafinta, ta ɗago tana murmushi. Ta ce ƙashi ya fara cike kogon, bangon ya yi kauri, lambar ta sauko ƙasa da iyaka sosai. Ta ce a ajiye sanduna, Barewa ta fara da tafiya, sannan sassarfa, sannan gudu, lokaci zai ishe ta kafin gwajin. Ta ba mu ranar dawowa bayan wata uku. Duka-duka ba mu yi zaman shan shayi ba aka kira na gaba. Barewa ta fito tana riƙe da sandunan a kafaɗa kamar mai tallar rake.

Ni ma da murnata na dawo. Da la'asar ina gyara durowa na ga tsohon hoton, sai na ce bari in gani da idona yadda abin ya ragu. Na manna su biyun a gilashin tagar falo inda rana ke bugawa. Baban Barewa, duhun da ke sabon hoton ya fi na tsohon girma. Na ce idona ne, na ciro tef daga wuyana. Na tsohon inci biyu cif. Na sabon inci biyu da kwata. Na juya tef na auna ta ɗaya gefen, na ɗauko na ajiya wanda ban taɓa amfani da shi ba, duk abu ɗaya suka faɗa.

Na zauna na yi ta tunani. Yarinyar nan likita ta ga mutum nawa kafin mu? Ko ruwa ban ga ta sha ba. Ni kaina in aiki ya yi mini yawa nakan rubuta awon wata a kan na wata, sai dai ni nakan sake aunawa kafin almakashi ya taɓa yadi. Wa ya sake auna nata?

Washegari na rufe shago na koma asibitin da hotunan. Aka ce tana ɗakin tiyata. Na zauna har bayan azahar, wata nas ta ce mini marasa lafiyar da ke da rana ma ba su samu ganinta ba, in dawo ranar da aka ba ni. Na so in nuna wa nas ɗin, sai na ji nauyin ciro tef a gaban mutane, a ce ga tela ta zo gyara wa likita aiki. Na dawo gida.

Na yanke shawara, kuma ina so ka goyi bayana. Ba za ta yi gudu ba sai an sake hoto. Na san ranar komawar tamu bayan gwajin take. Amma kayan yara ma nakan bar musu rara a ɗinki saboda abin da ban sani ba, balle ƙashin 'yata.

Da na faɗa mata ta ce ai likita ta ce ta warke, ta ji da kunnenta. Ban so in yi mata ƙarfa-ƙarfa ba, sai na kai ta gaban tagar na ba ta tef ɗin a hannunta na ce ta auna da kanta. Ta auna tsohon, ta auna sabon. Ta daɗe tana kallon lambar a ƙarƙashin ɗan yatsanta. Na ce mata wurin nan yanzu kamar ɓawon ƙwai yake, taku ɗaya mai ƙarfi ya isa. Ta je bayan ƙofa ta ɗauko sandunanta.

Malamin ya zo har sau biyu yana roƙo, na ce masa shi tsere ya sani, ni na haife ta. Na san na yi masa zafi, amma zai huce.

Ka rubuto ka ce mini na yi daidai.

Taka,
Maman Barewa

*

Baban Barewa,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Ba zan tsawaita ba, idona na ciwo.

An yi gwajin ranar Asabar. Yara uku aka ɗauka daga makarantarsu, har da 'yar maƙwabtanmu ta ƙasan bene, wadda ba ta taɓa gama tsere a gaban Barewa ba. Mun ji guɗar uwarta tun daga sama. Barewa ta sauka da sandunanta ta yi wa ƙawar tata murna, ta kai mata takalmanta na gudu ta ce sun yi mata kaɗan. Ba su yi mata kaɗan ba, ni na san tsawon ƙafarta.

Wasiƙarka ta iso bayan komai ya wuce. Ka ce in koma wajen likitar ko sau goma ne, in zauna a ƙofarta har ta fito, kada in yanke hukunci a kan hoton da ban san yadda ake buga shi ba. Ka ce ku ma taswirar ruwa ɗaya takan zo muku babba, ɗaya ƙarama, alhali tekun bai canja ba. Na ji haushinka da na karanta, na ce kana can nesa magana na yi maka sauƙi. Har yanzu ina ganin gara ta rasa makaranta da ta rasa ƙafa. Amma tun da na karanta ban ƙara kallon tagar nan da daɗin rai ba.

Inna na gaishe ka. Agogon Auta ya iso, yana kwana da shi a hannu.

Maman Barewa

*

Maigidana, uban 'ya'yana,

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta yi kewarka. Ina fata kana lafiya, kuma hutun da ka ce za su ba ka ya tabbata. Jikinmu duka lafiya. Sauran kuma ga shi, ka karanta a hankali.

Ranar komawa ta zo, aka sake hoto. Likita ta ce kogon ya kusa cikewa gaba ɗaya, sai ɗan inuwa. Sannan ta juya wajen Barewa da fara'a ta tambaye ta yaya gwajin, ta nawa ta zo. Sai a lokacin ta lura da sandunan da ke jingine a jikin kujera.

Na ciro hotunan biyu da tef ɗina, na faɗa mata abin da na gani. Ta saurare ni har na gama. Ta tashi ta manna su a jikin allon haske, ta ce in sake auna kogon. Inci biyu, inci biyu da kwata, kamar dai a gida. Sai ta sa ɗan yatsa ƙasa da kogon, inda ƙashi yake lafiya, ta ce in auna kaurinsa a duka biyun. A tsohon bai kai inci ba, kwata uku ne. A sabon ya haura inci. Na gane kuskurena tun kafin ta yi magana, don na san ƙashin yarinya ba ya yin wannan kaurin a wata uku. Tsohon injin ya ɗauko ƙugu duka ya matse shi a takarda ɗaya. Sabon ya ɗauki cinyar kaɗai ya buga ta da girma. Komai na cikin hoton ya ƙaru, ƙashin ma ya fi kogon ƙaruwa. Shi ya sa take raba awon kogon da na ƙashin, don kowane inji ya buga, amsar ta zama ɗaya. Abin da ta yi mini bayani ke nan tun ranar farko.

Baban Barewa, ni ce fa nake yanka aljihu gwargwadon riga. Aljihun da zai cika ƙirjin yaro ɗan mitsitsi ne a rigar babba, ko 'yar koyo ta san wannan. Ƙashin yana nan a gabana a jikin taga, faɗin ɗan yatsa biyu ƙasa da inda na ɗora tef, ban auna shi ba. Tsoro na je aunawa, shi kuwa na samu.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta cire gilashinta ta ce ita ma da ta san hotunan za su bambanta haka da ta gargaɗe ni. Ta karɓi sandunan ta ajiye a bayan kujerarta, ta ce wa Barewa ƙafarta ta fi ta kowa a ɗakin ƙarfi, ta yi gudu iya son ranta.

Na je wajen malamin na ba shi haƙuri, na roƙe shi ko akwai hanya. Ya rubuta wa makarantar, suka amsa cewa gurabe sun cika, kuma dokar shekaru ba ta da gyara. Ya ce duk da haka ta dawo fili, akwai gasa a gaba, mai gudu ba ya rasa inda zai yi gudu. Mutumin kirki ne, bai tuna mini da abin da na faɗa masa ba.

Na nemi gafararta. Na zaunar da ita na ce na yi kuskure, tef ɗin bai yi ƙarya ba amma ni ban iya tambayarsa ba. Ta ce ba komai Mama, ai don ni kika yi. Ko murya ba ta ɗaga ba. Na so ta yi fushi, ta ƙi cin abincina, ta buga ƙofa. Ba ta yi ko ɗaya ba, kuma ba ta koma filin ba. Kullum sai ta ce gobe. In za ta sauka bene sai ta riƙe ƙarfe, ta fara sa ƙafar hagu, sannan ta jawo ta dama a hankali. Na ce mata likita ta ce ta warke, ta ce ta sani.

Shekaranjiya muka fito daga kasuwar yadi da yamma, hadari ya haɗo, ga bas ɗin unguwarmu ta tsaya a can gaba tana shirin tashi. Ban yi tunani ba na ce mu ruga, na kwasa da gudu da ƙunshin yadi a kai, ni da rabona da gudu tun kafin in haife ta. Na kai, na kama ƙofa ina haki, na ce wa direba ya dakata 'yata na zuwa. Na waiwaya. Tana can baya tana tahowa taku ɗaya-ɗaya, tafin hannunta a kan cinyarta ta dama, tana kallon ƙasa tana zaɓen inda za ta taka. Direba ya yi ta danna oda, fasinjoji suka fara magana, wani ya ce yarinya ƙarama da ita ba za ta ɗaga ƙafa ba. Na saki ƙofar na ce su tafi.

Muka tsaya a bakin titi ruwa ya sauko a kanmu. Ta ce in yi haƙuri ta sa mun rasa mota.

Ka zo gida, don Allah. Maganata ce ta shiga ƙafar nan, kuma tawa ba za ta fitar da ita ba, na gwada. Wataƙila in kai ka kama hannunta ka ce ta ruga, ta yarda.

Inna da Auta na gaishe ka. Barewa ta ce in ce maka tana lafiya.

Matarka mai jiran isowarka,
Maman Barewa